Murfin da na wanke wa Injiniya

Shekara takwas ke nan cif da aka fita da maigidana daga gidanmu na Suwaidi, a nan Riyad, ba a dawo da shi ba. Ban taɓa kiran sunansa yana raye ba, ba kuwa a jarida zan fara ba. Mutanenmu 'yan Najeriya da ke aiki a nan Injiniya suke ce masa, Larabawa su ce Abu Kamal, ni kuwa Alhaji. Duk shekara in watan rasuwarsa ya kama, abin da nake yi bai wuce in dafa abinci in aika masallacin unguwa ba, sai in kira 'yan uwansa na Funtuwa mu yi masa addu'a ta waya, mu ɗan yi kuka, kowa ya ajiye. Bana ta zo da nata daban. Bana ce motarsa ta bar hannunmu, kuma kafin ta bari sai da aka ajiye mini tambaya a gabana: in yarda a mayar da wani tambari da na goge da hannuna a jikin kayan motar, ko in bar aikin da ya yi shekara goma sha shida yana yi ya fita idon duniya da tabon da ni na yi masa.

Wanda bai san motar ba ba zai gane ba, don haka bari in fara da ita. Tsohuwar motar Amurka ce, irin masu ƙarfin nan na da, ƙofa biyu, dogon gaba, gajeren baya, inji mai silinda takwas, launinta ruwan goro. Alhaji aikinsa kula da na'urorin sanyaya dogayen benayen unguwar Ulaya ne, amma tun yana yaro zuciyarsa tana wajen mota. A tashlih ya tsince ta, wato filin nan na kudancin gari inda ake jibge matattun motoci ana sayar da sassansu. Ranar da aka kawo ta a bayan satha, motar da ke ɗaukar motoci, na leƙo ta taga na ga abu babu taya biyu, babu fitila, kujerun duk rana ta cinye su. Na ce, "Alhaji, wannan gawar fa?" Ya ce, "Ba gawa ba ce, Hajiya, suma ta yi." Aka tura ta tsakar gida, ta zauna nan shekara ashirin da huɗu.

Da gyara kawai yake so, da shekara guda ta ishe shi. Makanikai sun sha ce masa ya kawo su ɗora mata sabon inji, su fesa mata fenti, ya hau abarsa ya huta. Shi ba haka yake so ba. So yake ta koma yadda ta fito daga kamfanin da ya ƙera ta, noti da noti. Masu sayar da kayan mota a nan kalma biyu gare su: asli, wato na ainihi wanda kamfani ya sa, da tijari, wato kwaikwayo na kasuwa. To Alhaji ko aslin ma ba kowanne yake karɓa ba. Sai ya zama na irin wannan motar, na wannan shekarar, kai har na waɗannan makonnin. Ya ce kusan kowane ƙarfe a jikinta yana ɗauke da lamba da ranar da aka yi shi. Wani an zubo lambar tare da ƙarfen, wani an buga ta da guduma, wani kuma tawada ce kawai aka danna masa. Dole kayan ya girmi motar, amma da 'yan makonni, don kamfani ba ya ajiye kaya shekara guda kafin ya ɗaura. In kuwa ranar ta zo bayan ranar da motar ta fito, to komai kyansa baƙo ne, wani ne ya sa shi daga baya. Akwai wata takarda da ya zaro daga cikin wayoyin kujerar baya, ta yi ja kamar an tsoma ta a shayi, ma'aikatan kamfanin ne suka cusa ta a wurin tun ranar haɗa motar, an jera duk abin da aka sa mata. Wannan takarda a jakar fasfo ɗinmu take kwana.

Na ga mutumin nan ya mayar da lagireton da ya yi wata uku yana jira, don lambar jikinsa ta nuna an yi shi wata biyu bayan motar. Na ga ya durƙusa cikin ranar Riyad yana karanta 'yan ƙananan haruffan kusurwar gilashi, da tabarau biyu a hancinsa, ɗaya kan ɗaya. Yana da gwangwanin madara cike da notuna, in ya zazzage su a tire sai ya yi ta tsince su kamar mai tsintar shinkafa, wannan kansa yana da alamar da ta dace, wannan babu. Nakan ce, "Alhaji, wa zai kwanta a ƙarƙashin mota ya duba kan noti?" Sai ya ce, "Ni."

A lokacin babu wannan wayar da ake ganin komai a cikinta. Wasiƙa yake rubutawa Amurka, ko ya aika fakis daga ofis, ya zauna jira, wani lokaci amsar ta zo an ce babu. Yau in na ga Kamal, autanmu, yana kwance a kujera yana shafa waya da babban yatsa, kafin shayi ya huce ya ce an samu kaza a wuri kaza, nakan tambayi kaina ko Alhaji murna zai yi ko haushi zai ji. Ina jin da farko murna zai yi kamar yaro. Amma Kamal ya ce yanzu masu tijari sun ƙware, har lambar suna bugawa, har ranar da ka zaɓa da bakinka. A zamanin Alhaji jabu yana da kunya, tun daga bakin ƙofa ake gane shi. Yanzu shigowa yake da sallama ya nemi wuri ya zauna. Ban san yadda zai yi da wannan zamani ba. Wataƙila tabarau uku zai sa.

To ga inda na shigo. Akwai wani murfin ƙarfe mai faɗin tiren shayi da ke zama a saman inji, yana rufe matatar iska, iyakilina in ji makanikai. Na irin motarsa da na ƙananan motoci kusan ɗaya ne a ido, abin da ya raba su wani ɗan tambari ne na tawada rawaya a gefensa ta ciki, lamba da rana. Shekara huɗu Alhaji yana neman mai tambarin da ya dace. A ƙarshe aka kira shi daga wani tashlih can wajen Dammam, ya tashi da asuba ya tafi, ya dawo da shi a naɗe cikin tsohuwar jarida. Don kada zafi ya taɓa shi, sai ya ɗora shi a saman kantar sito na kicin, kusa da manyan tukwanena. Saura kwana biyu Babbar Salla.

Washegari yana ofis na hau kujera zan sauko da tukwanen suya, na ci karo da shi. Kada wani ya ce na ɗauka murfin tukunya ne, wautata ba ta kai nan ba. Na san na mota ne sarai. Abin da na gani shi ne ƙarfe baƙi ƙirin da maiƙo da ƙura, kuma mu a gidanmu an tashe mu a kan cewa mace ba ta barin abu mai baƙi a sitonta Salla ta same shi. Rubutun rawayan ma na gan shi. Amma duk kayan da yake kawowa daga tashlih da irin wannan rawayan rubutun suke zuwa, masu filin ne suke zana alamarsu, kuma na sha ganin shi da kansa yana goge ta da fetur. Na ce bari in rage masa aiki. Na ɗauko soson ƙarfe da garin sabulu da lemon tsami, na zauna. Fentin ya fita, maiƙon ya fita, rubutun nan ne ya tsaya mini. Sai da na yi kusan rabin awa a kansa. Da na gama na jingina shi a rana cikin sahun tukwane, yana ƙyalli kamar kwanon amarya.

Bayan la'asar ya shigo. Na tare shi da fara'ata, na ce, "Alhaji, ka ga kayanka?" Ya ajiye jaka, ya ɗauki murfin, ya juya cikinsa wajen haske, ya bi gefen da yatsa. Ya daɗe yana bi. Ya ce, "Da me kika wanke?" Na gaya masa, har ina ƙarawa da cewa rubutun ne ya fi ba ni wahala. Ya ce, "Lallai kin sha aiki. Sannu." Ya shige banɗaki ya yi alwala, alhali magariba da saura.

Karatuna bai wuce firamare ba, amma Allah ya ba ni kunne. Wannan sannun da ya yi mini babu komai a ƙarƙashinta, kamar ka taka matakala ka ji babu. Ya yi Sallarsa, ya yanka ragonsa, ya karɓi baƙi, ya ci nama kaɗan. Sai rana ta uku ya kira ni tsakar gida, ya buɗe bonet, ya ce in matso. Ya nuna mini wani tambarin irin wancan a jikin wani kayan, ya ce, "Wannan ba na 'yan tashlih ba ne. Wannan tun daga kamfani yake. Shi ne shaidarsa." Iyakar faɗan ke nan. Na zauna a ƙasa na yi kuka, na ce ya yafe mini. Ya ce, "Laifina ne, ni na kai kayan gareji ɗakin girki, ban kuma gaya wa mai ɗakin ba." Ko hoto bai samu ya ɗauka ba, ya bari sai bayan Salla. Lambar kawai ya riga ya kwafa a littafinsa.

Daga ranar ya mai da ni ɗalibarsa. Ni ba mai son fita ba ce, shekara talatin da biyar a garin nan amma in ka cire kasuwar Dira da gidajen maƙwabta, sai asibiti, ban san ko'ina ba. Don haka makarantar ta same ni a gida. In an kawo kaya guda biyu sai ya ƙwala kira, "Hajiya, zo ki yi alƙalanci!" Ya ƙwanƙwasa wannan da mukulli, ya ƙwanƙwasa wancan. Ƙarfen da yana da kauri, muryarsa ƙasa take yi ta daɗe tana tafiya. Na yanzu sai ya ce ƙyas ya yi shiru. Ban cika kuskure ba. Har ta kai in ya tayar da motar ranar Juma'a da safe, ina kicin nakan ɗaga murya in ce, "Yau tana ɗingishi!" Ya duba ya tarar da fulogi guda ya mutu. Sai in ji yana dariya shi kaɗai.

Murfin kuwa ya ɗaura shi a wurinsa yadda na bar shi, bai yi masa fenti ba, mai kawai yake shafa masa don tsatsa. Ya ci gaba da neman wani mai tambari har shekara shida, bai samu ba. A cikin gida bai sake ta da maganar ba ko sau ɗaya, ko cikin wasa, ko cikin fushi, kuma mun yi faɗa a kan abubuwan da ba su kai wannan ba. Kamal yana jami'a a gida Najeriya lokacin da abin ya faru, ni na ba shi labari da bakina.

Ciwon kwana tara Alhaji ya yi. A nan aka binne shi. Wanda bai taɓa zama a ƙasar nan ba bari in gaya masa, ba a rubuta suna a kabari, duwatsu ne kawai a kai da ƙafa, kuma mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Kamal da ƙirgen layi yake gane wurin, ya ce kullum layukan ƙaruwa suke. Mutumin da ya san ranar kowane noti yana kwance babu ko harafi guda a kansa. Na san haka ya fi dacewa da addini, na kuma san shi ba zai so a yi masa daban ba. Amma tunda ba ni da kabarin da zan je, sai motar ta zame mini wurin zuwa. Kamal ya riga ya fara aiki a ɗakin magani na wani asibiti, ya mayar da ni kan iƙamarsa, takardar zama, ya mayar da motar sunansa. Duk Juma'a yana tayar da ita minti goma. Ni kuma in tsaya a kicin, hannuna cikin ruwa, ina saurare.

Garin ya sake sosai bayansa. Jirgin ƙasa yana ratsa unguwanni, mata suna tuƙi, matar Kamal da kanta take kai yara makaranta. Alhaji ya sha ce mini ranar da aka bar mata suka yi tuƙi a wannan motar zai koya mini, in ce masa ni da ko bakin titi ba na son tsayawa. Da yana nan na san sai ya matsa mini, na kuma san da sai na ƙi, da mun samu abin musu na shekara guda. Tsofaffin motocin da ake yi masa dariya a kansu yanzu har taro ake yi musu, a jera su a fili, mutane su zo da iyalansu kallo, masana su zagaya da tocila suna duba lambobi. Wannan kam na tabbata da ya so ya gani. Ya yi sammakon zuwa duniya, ya kuma yi sammakon tafiya.

Farkon bana Kamal ya samu aiki a Kaduna, ya ce lokacin komawa gida ya yi. In baƙo zai bar ƙasar nan gaba ɗaya sai an buga masa bizar fita ta ƙarshe, huruj, kuma ba a bugawa matuƙar akwai mota da sunansa. Kai ta gida ba abu ne mai yiwuwa ba. Mutum ɗaya muka yarda ta koma hannunsa, Abu Salih, wani dattijon Balarabe abokin Alhaji, wanda ke da fili a bayan gari inda yake ajiye irin waɗannan motocin, can suke taruwa da abokansu duk Alhamis. Ya ce zai kai ta taro, zai sa allo a gabanta da sunan Abu Kamal, a rubuta cewa shi ya mayar da ita yadda take.

Nan Kamal ya zo mini da maganar. Hausarsa irin ta yaran da aka haifa a nan ce, rabi da rabi, ko Mama ba ya ce mini sai Yumma. Ya ce, "Yumma, akwai wani a Amurka yana yin hatimi irin na kamfanin sak. Lambar tana littafin Baba, da hannunsa. Mu fesa wa murfin baƙin fenti, mu buga, halas." Na ce ai wannan jabu ne. Ya ce, "Wallah ba jabu ba ne. Murfin asli ne, ke shaida ce. Lambar tasa ce. Abu za mu mayar wurinsa kawai. In ba haka ba masu tocila za su zo su ce naƙis, akwai abin da ya rage, a gaban sunan Baba. Kuma babu wanda ya sani daga ni sai ke."

Ba zan ɓoye ba, na yarda. Ba don hujjarsa ta fi ƙarfina ba, don ina so ne. Shekara goma sha huɗu duk sanda aka buɗe bonet ɗin nan abin da nake fara gani ke nan, komai baƙi da ruwan goro, sai abu guda yana ƙyalli a tsakiya yana kallona. Ga shi an ce minti biyu zai shafe shi. Na ce ya aika a kawo.

Hatimin ya iso cikin ɗan kwali, da kwalbar tawada rawaya. Ranar Juma'a bayan la'asar muka zauna a tsakar gida, Kamal ya ce bari ya gwada a jikin wani baƙin gwangwani tukuna. Ya danna, ya ɗaga. Lamba ta fito tsaf, a miƙe, kowane harafi a cike. Ya ce, "Masha Allah, kin gani?" Na duba, na ce, "Ba haka yake ba." Ya ce kamar yaya? Na ce na ainihin a karkace yake, gefen dama ya yi sama. Harafin ƙarshe rabinsa bai fito ba. Ƙasa da shi kuma akwai wani ɗan jirwaye, kamar wanda ya buga ya taɓa wurin da yatsa tawadar ba ta bushe ba. Alhaji kwana ɗaya ya yi da wannan tambarin. Ni kuwa rabin awa na yi fuskata a kansa ina kankara. Duk duniya babu mai rai da ya san kamanninsa sai ni.

Kamal ya yi murna. Ya ce, "To ma fi mushkila, babu matsala, Yumma, ke za ki buga. Nuna mini yadda yake." Ya danƙa mini hatimin. Na riƙe, na karkata shi, kuma wallahi hannuna ya san daidai inda zai tsaya, ya san inda zai sassauta don harafin ƙarshe ya fito rabi. Abin da ya tsorata ni ke nan. Da na buga, babu mai tocilar da zai kama shi. Sai na tuna cewa wani bawan Allah ne can a ƙasarsu, wata rana yana tsaye yana sauri, ya danna abin nan ya wuce, ko yana raye ko ya mutu ban sani ba. Tambarin cewa yake yi shi ne ya duba wannan ƙarfe a wannan rana. In na buga, hannunsa na ara na ba da shaida da shi, shi bai sani ba, a kan aikin mutumin da ya mayar da lagireto saboda wata biyu. Na ajiye hatimin. Na ce ba zan iya ba.

Ran Kamal ya ɓaci. Ya ce, "Don ke nake yi fa." Na ce na sani, Allah ya yi masa albarka. Na shiga kicin na sa wuƙa na ɓare robar daga jikin katakon, na yayyanka ta, don na san kaina, in tana nan zan iya sake shawara. Kwana biyu yaron nan gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Bayan mako guda, ranar Asabar da hantsi, Abu Salih ya zo da satha. Na sa hijabina na fito bakin ƙofar falo, na ce wa Kamal ni zan yi magana da kaina. Larabcina na kasuwa ne da na maƙwabta, amma ya isa. Na ce, "Ya Abu Salih, kafin a ɗora ta a buɗe bonet." Aka buɗe. Na ce wannan murfin asli ne amma ba shi da tambari, kuma ni na wanke shi da soson ƙarfe kamar tukunya, kada ya je taro a ba shi kunya bai sani ba.

Dattijon ya tsaya yana kallon Kamal, ya ce a maimaita masa. Kamal ya maimaita. Sai ya girgiza kai ya ce, "La, ya Ummu Kamal. Abu Kamal ne ya kankare shi da sanfefa, bai lura da tambarin ba. Shi ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a, sati guda bayan ya kawo shi daga Dammam." Ya ce tun ranar suka sa masa suna Abu Sanfara, wato mai sanfefa. Duk Alhamis in ya shigo sai a ce a ɓoye kaya ga Abu Sanfara nan. In ya ce kayan wani tijari ne, sai a ce masa injiniya mai tabarau biyu da bai ga tambari a gaban hancinsa ba, shi ne zai koya wa mutane? Shekara shida suna yi masa wannan tsiya, yana dariya tare da su.

Kamal ya sunkuyar da kai. Duk Alhamis ɗin nan ni nake goge wa Alhaji jallabiya, ni nake buɗe masa ƙofa in ya dawo, in tambaye shi yaya mutanen, ya ce lafiya lau, suna gaishe ki. Ni mai kunnen da ke jin fulogi ya mutu daga kicin, ban taɓa jin komai a muryarsa ba.

Na ce wa Abu Salih to yanzu ya ji gaskiya, sai ya gyara a wajen abokansu, in ma a allon ne ya rubuta. Ya goge idonsa da gefen mayafin kansa, ya ce, "Murfin zai zauna yadda yake, masu tocila su rubuta abin da suka ga dama. Amma maganar zan bar ta yadda ya bar ta. Ni ba zan ƙaryata abokina yana kabari ba." Aka ja motar aka ɗora, aka ɗaure tayoyin. Ban bi ta da kallo ba, na koma ciki.

Saura mako uku mu tashi. Ina haɗa kaya ina ta auna abin da ya rage mini na Alhaji. Kabarinsa zan bar shi a nan ban taɓa ganinsa ba, motar ta tafi, littafinsa Kamal zai riƙe. Da an tambaye ni bara, da na ce abin da ya bari shi ne ƙin jabu, don shi na riƙe ranar da hatimi yake hannuna, kuma ban yi nadama ba. Sai ga shi mutumin da bai yarda noti ɗaya ya yi ƙarya a jikin motarsa ba, ya yi ƙarya guda da bakinsa, a kan abin da ya fi alfahari da shi, a gaban mutanen da ya fi son su ga ƙwarewarsa, don kada a yi dariyar matarsa a wurin da ba ta taɓa zuwa ba, ba kuma za ta taɓa ji ba. Ban san ko zai ji daɗin yadda na tona ba. Ina jin ba zai ji ba.

A wajen Larabawa maganarsa za ta tsaya, ba ni da iko da wannan. Amma ku mutanen gida, da waɗanda suka zauna da shi a nan, da waɗanda labarin Abu Sanfara ya taɓa iso musu, ku sani Injiniya bai taɓa goge tambari ba. Ni ce na goge. Ya Allah, in an rubuta masa wannan magana a littafinsa, kai ka san dalilinta. Ka rufa masa asiri a can yadda ya rufa mini a nan.